Daga filin jirgin Kano zuwa Jidda: yadda na bi layin bizar aiki har na karɓi igama

A kwalejin koyon aikin jirgin sama ta Zariya na koyi gyaran jirgi, ɓangaren gangar jiki da inji. Daga nan na samu lasisin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, na yi shekaru a filin jirgin Malam Aminu Kano ina sauya tayoyi da birki, ina leƙa cikin injin tsofaffin Boeing 737 da tocila a tsakar dare. Aikin ina son sa har gobe. Lissafi ne ya tashe ni. Da aka saki naira a watan Yunin 2023, albashin da a da nake cefane da shi har in aika wa Hajiya wani abu ya daina kai ƙarshen wata, ga riyal kuwa ɗaure da dala tun 1986, riyal 3.75 a kan dala ɗaya, ko gezau. A watan Maris na 2023 ɗin ne kuma Saudiyya ta sanar da kafa sabon kamfanin Riyadh Air, ana ta zancen fasinja miliyan 330 a shekara nan da 2030. Duk wanda ya iya riƙe sifana a wurinmu sai da ya ɗaga kai ya dubi gabas.

Ina da kawu a Jidda, ƙanin mahaifiyata, wanda ya daɗe yana tuƙa wa wani kamfanin kayan gini mota. Shi na fara kira. Na ce, "Kawu, biza nake nema." Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, a nan ba a neman biza. Aiki ake nema, mai aikin shi ke da biza. Duk wanda ya ce zai sayar maka da ita, tambaye shi ina ya samo." A lokacin na ɗauka zancen manya ne kawai. Daga baya na gane ya taƙaita mini dokar ƙasar gaba ɗaya. Bizar aiki a Saudiyya kamfani ke nema daga Ma'aikatar Ƙwadago ta manhajar Qiwa, kuma tun kafin a san sunanka an riga an rubuta mata ƙasar da za a ɗauko ma'aikacin, da sana'ar da zai yi, da ofishin jakadancin da zai buga ta. Kai dai ana zuba ka ne a gurbin da aka tanada.

Dillalai kuwa ba su bar ni na huta ba, don labari ba ya ɓuya a Kano. Wani ya zo mini da bizar Umara, wai in na shiga sai in nemi aiki a hankali. Wannan hanya kowa ya san ƙarshenta, mun ga 'yan'uwanmu da ake kira Takari suna wasan ɓuya da jawazat, wato jami'an shige da fice, har ranar da za a kai su tarhil, inda ake tsare mutum kafin a mayar da shi ƙasarsa. Ga mai aikin jirgi ma ba ta da ko ƙofar shiga, domin babu wanda zai ba ka katin wucewa cikin filin jirgi ba ka da igama, wato katin izinin zama a ƙasar. Wani kuma ya kawo abin da suke kira firi biza: wani Balarabe ya fitar da biza da sunan shagonsa, ka biya shi, ka shigo, ka je ka yi aikin da ka ga dama kana ba shi wani abu duk wata. A dokar ƙwadagon Saudiyya babu wani abu mai wannan suna. Yi wa wanda ba shi ne kafilinka ba aiki, wato wanda ba da sunansa aka fitar maka da biza ba, laifi ne, a kanka da kan wanda ya ɗauke ka. Na uku ya fi su wayo, ya ce bizar ziyarar kasuwanci zai samo mini. Ita halal ce, amma ta halartar taro ce da ganawa da duba kaya, ba ta ɗaukar albashi ba.

Hanyoyin gaskiya ba su da yawa. Akwai bizar aiki ta dindindin wadda ke kai mutum ga igama, ita na bi. Akwai ta wucin gadi, kwana 90 ana iya ƙara wasu 90, wadda kamfani ke ɗauko ƙwararre da ita don wani aiki takamaimai, misali babban gyaran da ake kwance jirgi gaba ɗaya, in an gama ya koma gida ba tare da an yi masa igama ba. Akwai ta lokacin aikin Hajji, ga kamfanonin da ke hidimar alhazai, kuma mai riƙe da ita ba a yarda ya yi Hajjin ba, abin da ke ba mutanenmu mamaki. Sai kuma izinin zama na musamman da aka ɓullo da shi a 2019, wanda ba ya buƙatar kafili: riyal 800,000 a biya sau ɗaya, ko 100,000 duk shekara. A farkon 2024 an ƙara masa wasu rukunai, har da na masu ƙwarewa ta musamman, amma da sharaɗin albashi mai tsoka. Wannan na karanta ne kawai na wuce, ba layin makaniki ba ne.

Kafin mutum ya ɓata kuɗinsa a kan takardu, akwai abin da ya kamata ya fara dubawa: shin sana'arsa ma a buɗe take ga baƙo? Saudiyya tana da tsarin Nitaqat tun 2011, wanda ke auna yawan 'yan ƙasa a kowane kamfani, in kamfani ya gaza sai a rufe masa ƙofar sabbin bizoji. A harkar jirgi abin ya wuce haka. Daga watan Maris na 2023 an keɓe wa 'yan ƙasa kaɗai aikin mataimakin matuƙi, da mai kula da zirga-zirgar jirage daga hasumiya, da mai tsara tashin jirgi. A aikin kyaftin dole 'yan ƙasa su kai kashi 60 cikin 100, a ma'aikatan cikin jirgi kashi 50, kuma a 2024 aka ɗaga su zuwa 70 da 60. Ina da aboki da muka zauna ɗaki ɗaya a Zariya, mai tsara tashin jirgi ne, gwani na gaske. Ya so mu taho tare. Da muka ga wannan doka sai ya mayar da hankalinsa wasu ƙasashen. Matashin matuƙi da ya gama makaranta da sa'o'i ɗari biyu da 'yan kai yana mafarkin kujerar dama, wato ta mataimakin matuƙi, a Jidda, gara a gaya masa gaskiya tun da wuri. Kyaftin mai dubban sa'o'i a irin jirgin da suke da shi, shi har yanzu ana neman sa. Mu masu gyara ƙofarmu ba a rufe ba, amma kullum ana ƙara matse ta, don su ma suna horar da yaransu.

Aikin na same shi ne ta hanyar da ba ta da wani armashi. Na cike fom a shafukan kamfanoni, na gyara bayanaina a LinkedIn, na yi ta aikawa ana yin shiru. Wanda ya amsa a ƙarshe wani kamfani ne mai yi wa jiragen wasu kamfanoni hidimar gyara a filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda. An yi mini tambayoyi ta bidiyo, wani Bafilipine da wani ɗan Jodan. Ba su damu da digiri ko difloma ba. Abin da suka nace a kai shi ne wane irin jirgi ke rubuce a lasisina, yaushe rabona da taɓa shi, kuma wa ya sa hannu a littafin aikina. A nan ne ɗan Najeriya ke jin jiki. Mu mun ƙware a kan tsohuwar 737, su kuwa Saudia tana da Airbus A320 da A330 da Boeing 777 da 787, flynas da flyadeal kuma kusan duk A320 ne. Abin da ya cece ni shi ne wani kwas na A320 da na taɓa yi da kuɗin aljihuna lokacin da mutane ke ce mini ɓarna ce, da kuma shekarun da na yi ina tarbar jiragen alhazai. Wanda ke da lasisin Turai na EASA, B1 ko B2, ko na Amurka, ya fi mu saurin shiga, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Amma littafin aiki mai tsabta, kowane aiki da kwanan wata da lambar jirgi da hatimin wanda ya duba, yana magana da kansa.

Da takardar tayin aiki ta iso, sai na tura wa Kawu hotonta. Bai tsaya kan albashi ba. Ya ce, "Mihna fa? Me suka rubuta maka?" Sana'ar da ke kan biza ita za ta hau kan igama, kuma abubuwa da yawa a kanta suke rataye: ko za ka iya ɗauko iyalinka, ko hukumar injiniyoyi za ta yi maka rajista, ko wane irin takardu za a nema daga gare ka. Wasu kamfanoni in gurbin da ya dace ya ƙare musu sai su cusa mutum a wanda ya rage, a rubuta masa lebura ko direba, a ce in ya zo za a gyara. Gyarawar tana yiwuwa, amma sai kamfanin ya so, kuma sai takardunka sun dace da sabuwar sana'ar. A tawa an fara rubuta makaniki kawai, ba a ambaci jirgi ba. Na rubuta musu cikin ladabi na ce ina so a sa mai gyaran jirgin sama. Suka ce zai ja lokaci. Na ce zan jira. Jiran ya yi tsawo har na fara tunanin sun fasa, ga mutanen gida kullum sai an tambaye ni yaushe ne tafiyar. Amma a ganina a duk tafiyar nan babu inda haƙuri ya biya ni kamar wurin nan.

Haka kuma aka rubuta injiniya ba alheri ba ne ga kowa. A Najeriya duk wanda ya sa rigar aiki injiniya ne. A Saudiyya in igamarka ta ce muhandis, sai ka kawo digirin injiniya da shekarun ƙwarewa da Majalisar Injiniyoyin Saudiyya za ta yarda da su. Mai difloma da lasisi kamar ni, rukunin fanni ya fi masa kwanciyar hankali, wato ƙwararren ma'aikacin hannu, shi ma da rajistarsa a majalisar.

Kwantiragin na karanta shi da biro a hannu. An rubuta shi da Larabci da Turanci gefe da gefe, kuma in aka samu saɓani na Larabcin kotu ke bi, don haka na kai wa wani malaminmu da ya yi karatu a Madina ya karanta mini layi bayan layi. Albashi a can ana yanka shi gida-gida: na asali, kuɗin gida, kuɗin mota. Ba a cire harajin albashi, sai dai za ka biya kashi 15 cikin 100 a kan kusan duk abin da ka saya. Lokacin gwaji, hutun shekara kwana 21 da ke zama 30 bayan shekara biyar, tikitin zuwa gida, duk na duba. Kuɗin sallama a ƙarshen aiki rabin albashin wata ne a kowace shekara cikin biyar na farko, daga nan wata guda cur, amma in kai ka ajiye aiki da kanka kafin shekara biyu ba ka da ko sisi. Kuɗin biza da na igama da na izinin aiki doka ta ɗora wa kamfani. Duk wanda ya ce ka kawo miliyan kaza kuɗin biza, ko dai dillali ne ke cin ka, ko kamfanin ba na kirki ba ne. Sharaɗi guda da na daɗe ina juyawa shi ne na horo: in suka tura ni kwas ɗin wani jirgi da kuɗinsu, zan zauna musu wasu shekaru ko in biya. Wannan al'ada ce a harkar jirgi ko'ina, na sa hannu ina sane.

Daga nan sai zirga-zirgar takardu, wadda ba ta da daɗin labari. Saudiyya ta shiga yarjejeniyar ƙasashen da ke karɓar hatimi guda wajen tabbatar da takardun juna a ƙarshen 2022, amma Najeriya ba ta ciki, saboda haka takardar makaranta sai ta bi tsohuwar hanya: Ma'aikatar Ilimi a Abuja, Ma'aikatar Harkokin Waje, sannan ɓangaren Saudiyya, su kuma su tuntuɓi makarantar da kansu su tabbatar ka yi ta. Takardar shaidar rashin laifi ta 'yan sanda na nema ta shafin POSSAP. Na nemi NCAA ta ba da wasiƙar tabbatar da lasisina, na bi tsofaffin wuraren aikina na karɓo wasiƙun shaida, na sabunta katin rigakafin shawara. Abin da ya ɗan tsayar da ni sunana ne: a fasfo an rubuta shi da wani harafi, a takardar makaranta da wani, irin abin da ke samun duk mai suna Muhammadu ko Abdullahi a ƙasarmu. Sai da na yi rantsuwa a kotu cewa mutum ɗaya ne. Wanda ke shirin tafiya ya jera takardunsa a tabarma tun yau ya duba suna da ranar haihuwa ɗaya bayan ɗaya.

Gwajin lafiya a asibitin da ofishin jakadanci ya amince da shi kaɗai ake yi. Ana ɗaukar hoton ƙirji saboda tarin fuka, a ɗebi jini a duba ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki da sauransu. Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a Arewa, kuma mutum na iya ɗauke da shi shekara da shekaru bai sani ba. A ɗakin jira na ga wani magidanci da ya riga ya sayar da babur ɗinsa ya sallami mai gidan haya, aka kira shi ciki, ya fito bai ce wa kowa uffan ba. Shawarata ita ce mutum ya je ya yi wannan gwaji da kansa a asibitin unguwa tun kafin ya fara neman aikin, kuma kada ya ajiye aikinsa na gida sai biza ta fito. Ni sai da na ga tawa da idona sannan na rubuta takardar barin aiki.

Kamfanin ya ba wani ofishin ɗaukar ma'aikata mai lasisi wakilci ta intanet, suka shigar da takarduna, na je aka ɗauki hoton yatsuna, biza ta fito. Ranar da na sauka Jidda aka sake ɗaukar yatsu, jami'in ya ba ni lambar shigowa wadda suke kira raƙamul hudud. Kafin igama ta fito wannan lamba ita ce kai. Da ita na sayi layin waya, da ita aka sake yi mini gwajin lafiya a nan, da ita kamfani ya yi mini inshorar asibiti, domin ba a fitar da igama sai da inshora. Doka ta ba kamfani kwana 90 daga ranar shigowa ya kammala wannan. A tsakanin nan mutum yana rataye: ba asusun banki, ba aika kuɗi gida da sunanka, ba fita daga ƙasar. Albashina na farko a hannu aka ba ni. Ka taho da ɗan guzurin da zai riƙe ka, kuma ka gaya wa mutanen gida kada su fara lissafin riyal daga ranar da jirgi ya tashi.

Na zauna wurin Kawu kafin a ba ni masauki, kuma a nan na ga wata Jidda da ba a gani daga motar alhazai. A tsofaffin unguwannin kudancin gari irin su Karantina da Sabil sai ka ji Hausa ta ko'ina, ga mai tsire, ga mai fura, ko da yake rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021 ya watsa mutane da yawa zuwa wasu wurare. Hausawan nan kala-kala ne. Akwai 'yan ƙasa, jikokin waɗanda suka zo Hajji da ƙafa ta Sudan, masu sunan Hausawi ko Fallata ko Barnawi, irin su Usama Hausawi da ya yi wa ƙasar kyaftin a gasar cin kofin duniya ta 2018. Akwai masu igama kamar Kawu. Akwai kuma waɗanda aka haifa a nan amma ba su da takardar ko'ina. Da daddare in aka zauna shan shayi, da an ji aikin jirgi nake yi sai a fara kawo mini sunayen yara, a sama musu ko da ɗaukar kaya ne a filin jirgi. Yana da wuya ka gaya wa dattijon da ya ba ka shimfiɗa cewa ba ka da wannan iko, amma gaskiyar ke nan. Ni kaina a lokacin ban taɓa jirgi ba tukuna.

Wannan shi ne abin da ya bambanta mu da sauran ma'aikata, kuma shi ne dillali ba zai taɓa gaya maka ba don bai ma san da shi ba. Igama izinin zama da aiki ce a ƙasa. Ba izinin shiga farfajiyar jirage ba ce, ba kuma izinin sa hannu a kan jirgi ba. Bayan ta fito, na yi rajistar Absher, manhajar hidimomin gwamnati, na buɗe asusu, na amince da kwantiragina a Qiwa, sannan kamfani ya nema mini katin shiga filin jirgi, wanda ke da nasa binciken tsaro. Aka sa mu a aji: dokokin kamfani, kura-kuran ɗan'adam a wurin aiki, kiyaye tankin mai, wayoyin lantarkin jirgi, har da tuƙin mota a kusa da jirage. Duk na taɓa yin su a gida, amma kowace hukuma nata take so ta gani.

Sai babban dutsen, lasisi. Hukumar sufurin jiragen sama ta Saudiyya, GACA, ita ke da iko a kan duk jirgin da ke ɗauke da rajistar ƙasar, mai farawa da HZ, kuma dokokinta sun fi kama da na Amurka. Lasisina na NCAA ya nuna musu ni wane ne, amma bai ba ni damar sallamar jirginsu ba. Na koma ina aiki a ƙarƙashin wani, ni da nake sa hannu a Kano yara na bina da akwatin kayan aiki. In na ɗaure ƙusa sai wani ya zo ya duba ya buga hatiminsa. Abin yana taɓa zuciya, ba zan ɓoye ba. Wanda ya sanyaya mini shi wani dattijo ne a sashenmu, Bahaushen Makka ɗan ƙasa, wanda Hausarsa rabi Larabci ce. Ya gan ni ina cin abinci ni kaɗai ya ce, "Ya ɗan Kano, kana fushi da hatimi ne?" Na ce, "A'a Baba, ina dai tuna gida." Ya ce, "Kowa da ka gani nan haka ya fara, har Turawan. Karanta nizaminsu, ka shiga imtihan, khalas." Shi ya ara mini littattafansa. Na miƙa takarduna ta hannun sashen kula da inganci na kamfani, na yi jarrabawa, na jira, sannan kamfanin ya yi mini tasa tantancewar kafin ya ba ni hatimi a kan A320. Albashi ma sai a lokacin ya kai abin da ya sa na baro gida, domin alawus ɗin sa hannu daban yake. Matuƙa su ma haka suke bi ta nasu ɓangaren: tabbatar da lasisi daga ƙasarsu, gwajin lafiya mai daraja ta ɗaya, shaidar Turancin aiki aƙalla mataki na 4, da gwaji a na'urar kwaikwayon tuƙi.

Aikin kansa aiki ne. Zafin Jidda da damshin teku sukan sa riga ta jiƙe kafin ka gama zagaya jirgi sau ɗaya. A watan azumi doka ta rage wa Musulmi aiki zuwa sa'a shida, sai dai jirgi bai san azumi ba, lokacin ne ma masu Umara suka fi yawa. Mutanen gida suna ɗauka duk shekara muna Arfa. Mai igama sai ya nemi izinin Hajji kamar kowa, sau ɗaya a shekara biyar, kuma lokacin Hajji shi ne lokacin da ba mai ba ma'aikacin filin jirgi hutu. Umara dai alhamdu lillahi, jirgin ƙasa na Haramain yana tashi daga cikin filin jirgin, kafin shayinka ya huce kana Makka.

Maganar iyali ita ce har yanzu muke juyawa da maiɗakina. Sana'ar da ke kan igamata ta ba ni damar ɗauko su, amma kowane mutum ɗaya riyal 400 ne a wata tun 2020. Ita da yara uku 1,600 ke nan a wata, 19,200 a shekara, ban da haya mai ɗakuna da kuɗin makaranta. Mun zaɓi bizar ziyarar iyali, su zo lokacin hutun makaranta su yi Umara su koma. Wasu abokan aikina 'yan Sudan da yaƙin 2023 ya hana iyalansu zama a Khartoum ba su da wannan zaɓi, haka suke biya suna haƙuri.

Kafilci kuma, wanda ake ba mu tsoro da shi tun muna yara, ya sassauta ga ma'aikatan kamfanoni tun gyaran da ya fara aiki a watan Maris na 2021, ko da yake bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida ba. Fasfona yana hannuna, riƙe shi ma laifi ne ga kamfani. Izinin fita da dawowa ina iya nema da kaina a Absher, riyal 200 na wata biyu. Bayan shekara guda mutum na iya komawa wani kamfani ta Qiwa in ya cika sharuɗɗan sanarwa, kuma in aka hana shi albashi wata uku a jere yana iya tafiya ba sai an yarda ba. Sai dai mai aikin jirgi yana da wata igiyar da doka ba ta kwance masa ba: hatimin da kake sa hannu da shi na kamfani ne, ranar da ka bar su ya mutu, sabon wuri sai sun sake tantance ka, katin filin jirgi ma sai an sake. Ga kuma yarjejeniyar horo. A bana an sa sunana cikin waɗanda za a tura kwas ɗin A330, kuma na san in na karɓa na ƙara ɗaure kaina wasu shekaru. Na gaya wa shugaban sashenmu ya ba ni zuwa bayan hutuna, in je Kano in yi shawara da Hajiya da maiɗakina tukuna.